Bin sahun mutum-mutumin dabbobi a biranen Ingila: abin da ake samu da inda kuɗin ke fitowa

Wanda ya shiga tsakiyar birnin Manchester tsakanin 23 ga Yuli da 23 ga Satumba na 2018, da wuya ya yi doguwar tafiya bai ci karo da wani ƙaton ƙudan zuma ba, mai tsayin kusan mita ɗaya da rabi, an dasa shi bisa dakalin kankare, an zuba masa fenti kala-kala, yara sun yanyame shi ana ta ɗaukar hoto. Manya 101 aka baza a gari, ga kuma ƙanana fiye da 130 da 'yan makaranta da ƙungiyoyin unguwanni suka yi wa ado. Sunan shirin Bee in the City, kamfanin Wild in Art ne ya tsara shi tare da hukumar birnin. Bayan an kwashe su aka yi gwanjon yawancin manyan, aka tara sama da fam miliyan ɗaya da dubu ɗari domin We Love MCR, gidauniyar agaji ta birnin.

Wancan ya wuce, amma tsarin bai wuce ba. Kusan kowace bazara akwai garin da ke yin irinsa a Birtaniya, yau giwa, gobe zomo, jibi mujiya, kuma yadda ake gudanar da su kusan ɗaya ne. Don haka abin da za a faɗa a nan zai yi wa mutum amfani a duk wanda ya tarar. Asalin abin daga Zurich ne ta ƙasar Suwizalan, inda aka baza shanu masu fenti a 1998, Chicago ta kwaikwaya a 1999, daga nan ya bazu. Wild in Art kuwa tun wajen 2008 yake wannan sana'a.

Hukunci a taƙaice: yawo ne mai daɗi, kyauta ne, ya dace da iyali, kuma hanya ce mai kyau ta sanin gari ga baƙo ko ɗalibin da bai daɗe da zuwa ba. Sai dai yana cin ƙafa da lokaci fiye da yadda tallarsa ke nunawa, sannan zagayen da ka yi shi kaɗai ba ya saka ko kwabo a asusun gidauniyar da ake tara wa kuɗin. Za mu zo ga wannan.

Shi mutum-mutumin ba dutse ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Da faibagilas ake yin sa, wato zaren gilas da aka jiƙa da ƙaro aka shimfiɗa a cikin mazubi, irin abin da ake ƙera ƙananan kwale-kwale da shi. Cikinsa fanko ne, in ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amsa kuwwa kamar ganga. Duka daga mazubi ɗaya suke fitowa, farare fat, siffa ɗaya, girma ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne hannun mai zane. Ana goge jikin da sanfefa don fenti ya kama, a yi shafen farko, a yi zanen da fentin akirilik, sannan a rufe da banish mai kare shi daga ruwa da rana da rubuce-rubucen 'yan ɓarna. A ƙarshe a ɗaure shi da noti a kan dakalin kankare mai nauyi, don iska kada ta kayar da shi, kada kuma wani ya yi awon gaba da shi cikin dare. A jikin dakalin akwai ɗan allo ɗauke da sunan mutum-mutumin, sunan mai zane, sunan kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, da wata lamba wadda yawanci alƙaluma huɗu ce. Wannan lambar ita ce ake shigarwa a manhajar waya don a nuna cewa an zo wurin.

Ingancin zanen hawa-hawa ne, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya fita. Dalili kuwa yana cikin yadda ake zaɓe. Masu zane suna aiko da samfurinsu a takarda watanni da dama kafin a fara, a tace su, sannan a tara kamfanonin da suka biya kuɗi kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa. Mai kuɗi ne ke zaɓe, ba masanin zane ba. Shi ya sa za ka ga wani an zauna an yi masa aiki na makonni, an zana tarihin masaƙun auduga na gari a fukafukinsa, ko an lulluɓe shi da gutsattsarin madubi ɗaya bayan ɗaya. Na gaba da shi kuma launukan kamfani kawai aka shafa masa, da ka gan shi ka ga talla. Wanda ke neman abin da ake ajiyewa a gidan tarihi zai ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Wanda ya zo da yara 'yan shekara biyar zuwa goma sha biyu kuwa ba zai ji wannan ƙorafi daga bakinsu ba.

Manchester ta yi dace da dabbarta. Ƙudan zuma alamar birnin ce tun zamanin masaƙu, yana jikin tambarin gari tun 1842, ana nufin ma'aikata masu himma. Bayan harin da aka kai zauren Manchester Arena ranar 22 ga Mayu 2017, wanda ya ci rayuka 22, sai alamar ta ƙara samun matsayi a zukatan mutanen gari. Shekara ɗaya bayan haka aka fito da shirin, ka ga kuwa ba sai an yi wa kowa bayani ba. Ba kowane gari ke samun irin wannan ba. Birmingham a 2015 mujiya ta zaɓa, guda 89, domin asibitin yara na birnin. Bahaushe zai yi murmushi a nan, tunda a wurinmu wanda aka tsana shi ake cewa an mai da shi mujiya. Su a can alamar hikima ce, har a bajon makarantu ake saka ta.

Yanzu batun taswira da manhaja, domin a nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Taswirar takarda ana samun ta a ɗakunan karatu, ofisoshin masu yawon buɗe ido, da shagunan da ke cikin shirin, wani wuri kyauta, wani wuri a jefa ɗan abin da ya sawwaƙa a akwatin taimako. Amfaninta shi ne tana nuna maka gari gaba ɗaya a shafi guda, ka ga inda suka yi cincirindo da inda suka warwatsu. Aibinta shi ne an buga ta tun kafin a fara, saboda haka in an ɗauke wani an kai shi gyara, ko an matsar da shi saboda aikin titi, ita ba ta sani ba. Manhajar kuma, wadda wani lokaci kyauta ce wani lokaci ana biyan ɗan ƙaramin kuɗi, tana nuna inda kake tsaye, tana ƙirga waɗanda ka gani, tana kuma buɗe maka ɗan rangwame daga masu ɗaukar nauyi, kamar ragin kuɗin shayi ko shiga gasa. Kada ka sa rai da yawa a kan wannan rangwamen, galibinsa talla ce. Babbar matsalarta cin batir. Na'urar gano wuri a kunne, hasken fuskar waya a ƙure saboda rana, kyamara tana aiki kowane minti biyar: kafin la'asar waya ta mutu. A tafi da fawa bank. Sannan a tsakanin dogayen gine-gine alamar wurin takan kauce da 'yan mitoci masu yawa, ta nuna maka wannan gefen titi alhali abin yana wancan, ko yana cikin gini a hawa na biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe duka biyun: a tsara tafiya da takarda, a tabbatar da manhaja. In kuma intanet ya ƙi, a ɗauki hoton allon da lambar, a shigar da ita daga baya a gida.

Lissafin lokaci kuwa ga shi. A ce kowane mutum-mutumi zai ci maka minti biyar, tsakanin jiran waɗanda suka riga ka su gama hoto, karanta allo, da shigar da lamba. Guda 101 sau minti biyar ya haura awa takwas, kuma wannan tsayuwa ce kawai, ba a sa tafiya a ciki ba. Wanda ya ce zai gama a yini ɗaya bai duba taswira ba. Babba mai ƙarfin ƙafa zai iya ganin ashirin zuwa talatin a yini in ya tsaya a tsakiyar gari, inda suke kusa da juna. Mai yara ƙanana ko keken jariri ya yi niyyar goma zuwa sha biyu, ya tashi tun ana marmari. Yaro yakan yi ɗoki a kan biyar na farko, ya jure biyar na biyu, daga nan sai rigima, kuma in aka matsa masa ranar farko ba zai yarda a koma ba.

Tsakiyar Manchester ba ta da faɗi. Daga tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly zuwa dandalin St Peter's tafiyar kimanin rubu'in awa ce, kuma akwai bas na kyauta da ke zagaya tsakiyar gari. Wahalar tana ga na bayan gari. Masu shirya irin wannan da gangan suke kai wasu unguwanni masu nisa, irin su Wythenshawe can kudu da lambun Heaton Park a arewa, don kada a ce tsakiyar gari kaɗai aka gyara wa. Niyya ce mai kyau, amma ga mai bin sahu tana nufin awa guda a hanya domin ganin biyu ko uku. A ware musu rana daban, a sayi tikitin yini na jirgin cikin gari, irin Metrolink na Manchester, maimakon biya ɗaiɗai, a kuma haɗa waɗanda ke kan layi ɗaya. Bristol ma ta fi haka a 2013: cikin karnuka 80 na shirin Gromit Unleashed akwai wanda aka ajiye a tashar Paddington ta Landan, tafiyar fiye da awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa. Mai son cika lissafi sai ya biya kuɗin jirgi saboda kare ɗaya.

Akwai tarko na biyu: waɗanda ke cikin gini. Ƙananan na 'yan makaranta kusan duka a ciki ake ajiye su, rukuni-rukuni, a ɗakunan karatu, gidajen tarihi da manyan kantuna, domin ba za su jure waje ba. Wasu manyan ma haka. Ganin su ya dogara da lokacin buɗewa. A Ingila doka ta taƙaita wa manyan shaguna awa shida kacal ranar Lahadi, ɗakunan karatu da yawa kuma ba sa buɗewa ranar sam. Don haka na cikin gini a yi su da rana a ranakun aiki ko Asabar, na waje a bar su zuwa safiya ko yamma. Rana tana daɗewa a can lokacin bazara, a watan Yuli sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa, ka ga akwai sarari bayan an tashi aiki. Mafi kyawun lokacin hoto shi ne kafin ƙarfe tara na safe, kafin cunkoso. Mafi muni kuwa makon farko da kuma ƙarshen makon da ke haɗe da hutun Litinin ta ƙarshen Agusta. In da hali a jira makarantu su koma a farkon Satumba, sai dai a lokacin fentin wasu ya fara nuna gajiya. Laima ko rigar ruwa dole ce, ko da an wayi gari da rana.

Lalacewa ba ta rasuwa a kowane shiri, kuma kusan wuri ɗaya take faruwa: duk abin da ya yi tsini ya fito daga jiki. Fukafuki da ƙahonnin ƙudan zuma, kunnen zomo, wutsiyar kare, hauren giwa. Faibagilas yana jure ruwa da rana, amma ba ya jure nauyi a wuri siriri. Allon yana cewa kada a hau, iyaye kuma suna ɗora yara don hoto; mutum ɗari suka yi haka sai mahaɗin ya tsage. Da zarar ya tsage ruwa ya shiga ƙarƙashin banish, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Waɗanda aka manna wa kayan ado, madubi ko maɓallai ko duwatsu, su ne ke fara zubewa, domin 'yan yatsu ba sa barin su. Ga kuma ɓarnar ganganci, wadda ta fi yawa a daren Juma'a da Asabar kusa da mashaya. A Bristol a 2013 an lalata wasu tun a kwanakin farko, har da wanda 'yar wasan kwaikwayo Joanna Lumley ta tsara. Abin da ake yi shi ne a ɗauke a kai wurin gyara, a bar dakali da sanarwa, kuma lambar na nan a jiki, don haka za ka iya shigar da ita ko da ba ka ga mai ita ba. Kafin ka yi doguwar tafiya domin guda ɗaya, duba shafin shirin na Facebook ko Instagram, a can ake fara sanarwa.

Wani lokaci ba ɓarna ce ke ɗauke shi ba, lauyoyi ne. A Norwich a 2013, cikin gwaggon biri 53 da aka baza domin ƙungiyar agajin yara ta Break, an ɗauke wanda aka yi wa shiga irin ta mawaƙi Freddie Mercury bayan masu kula da haƙƙin kamanninsa sun yi ƙorafi, sai da aka sake masa fenti kafin ya dawo.

To, ina kuɗin yake fitowa? A nan gizo ke saƙar. Hanya ta farko kuɗin masu ɗaukar nauyi: kowane kamfani yana biyan dubban fam a kan babban mutum-mutumi ɗaya, amma wannan galibi shi ke biyan ƙira, ladan mai zane, dakali, motar ɗauka, inshora da gyara. Makarantu ma suna biya ko a biya musu kuɗin ƙananan, a ƙarshe kuma a mayar musu da abinsu, ba a sayarwa. Hanya ta biyu kayan tsaraba da tikitin bikin bankwana. Ta uku, wadda ita ce uwa, gwanjo. Ka lura, babu inda zagayenka ya shigo, sai dai a kaikaice: yawan jama'a shi ke sa kamfanoni su yarda su biya, shi ke kuma ɗaga farashi ranar gwanjo.

Alƙaluman gwanjon kuma ba su da tabbas. Karnukan Bristol sun kawo kimanin fam miliyan 2.3 domin asibitin yara na birnin, wato kusan dubu 29 kowane ɗaya in aka raba, wanda kamfanin finafinan katun na Pixar ya tsara shi kaɗai ya tashi a kan dubu 65. Mujiyoyin Birmingham sun kawo kimanin dubu 508. Bayan shekara biyu, a 2017, birnin ya sake yin wani da dabbar beyar, guda ɗari, domin asibitin dai, sai aka tashi da kimanin dubu 257, rabin na farko. Yawan mutum-mutumi ba shi ne yawan kuɗi ba. Abin da ke ɗaga farashi shi ne dabbar ta kasance tana da gindi a garin, a sami hannun sanannun mutane a wasu zane-zanen, sannan masu kuɗin gari ba su riga sun sayi irinsa shekara biyu da suka wuce ba. Kamfanin da ya ajiye mujiya a harabarsa ba lallai ya nemi beyar ba.

Abu ɗaya da ya kamata masu shirya waɗannan su riƙa fitowa fili da shi: adadin da ake shelantawa daren gwanjo jimillar ciniki ce, ba lallai ita ce ke shiga asusun gidauniya ba. A karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan taswira ko a shafin shirin, a ga ko an ce duka kuɗin ne, ko ribar da ta rage bayan an cire ɗawainiya, ko wani kaso nata. Haka ma kayan tsaraba da manhaja: sau da yawa wani ɓangare ne kawai na farashin ke tafiya ga agaji. Wanda nufinsa taimako ne, hanya mafi gajarta ita ce ya ba gidauniyar kai tsaye ta shafinta. In mai biyan haraji ne a Birtaniya ya sa hannu a tsarin Gift Aid, wanda ke ƙara fam 25 a kan kowane fam 100 daga gwamnati ba tare da ya ƙara komai ba. Wannan tsari na gudummawa ne zalla, ba ya aiki a kan sayen kaya. Bayarwa kai tsaye kuma ta warware wa waɗanda ba sa son ajiye siffar mai rai a gida saboda addini: ba dole ba ne a sayi ɗan ƙaramin mutum-mutumin tangaran da ake tallatawa kafin a ce an taimaka.

Bikin bankwana yana da nasa amfani. Bayan an kwashe su daga tituna ana wanke su, a gyara, a sake banish, a jera su a wuri ɗaya na kwana biyu ko uku kafin gwanjo. Na Manchester a babban zauren tseren keke na ƙasa aka yi shi a watan Oktoba. Ga tsoho, ko mai keken guragu, ko wanda ya rasa guda goma na bayan gari, wannan ita ce dama mafi sauƙi, kuma a nan ne ake ganin su cikin mafi kyawun kamanninsu. Amma da tikiti ake shiga, mai ƙayyadadden lokaci, kuma yakan ƙare da wuri, don haka a saya ranar da aka fara sayarwa. A Bristol a 2013 mutane sun yi layin awanni a waje kafin su shiga. Sannan ganin su jere a zaure kamar motoci a wurin dillali bai kai daɗin cin karo da ɗaya a lungu ba.

Mai sha'awar saye a gwanjon kuma ya yi rajista tun da wuri, a zaure ko ta intanet, ya karanta sharuɗɗa ya ga ko akwai la'ada ko haraji a kan farashin da aka buga guduma, ya kuma tambaya ko dakalin na cikin ciniki, domin sau da yawa ba ya ciki. Ɗauka a wuyan mai saye take, cikin 'yan kwanaki, kuma abu mai faɗin fukafuki irin wannan ba ya shiga ƙaramar mota, wani ma ba ya shiga ƙofar gida ta yau da kullum. A auna ƙofa kafin a ɗaga hannu. In a waje za a ajiye shi, a ɗaure shi a kan gindi mai nauyi, a riƙa wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi ba tare da soson ƙarfe ba, a kuma sabunta banish ɗin da zarar sheƙinsa ya fara dusashewa, tun ruwa bai sami hanyar shiga ba.